Turare a Kafaɗar Baba

'Yan uwa, yau ku yi haƙuri da ni, raina a ɓace na zauna rubutun nan. Masu turo min saƙo kuna cewa "don Allah ki amince da Manaja, kar ki yi wa kanki asara," ku gyara zama, da ku nake.

Ga wanda yau ya fara bin labarina: ni mai ɗaukar hoto ce. Shagon Babana nake riƙewa tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi a gida. Ɓarin hagu ne ya tafi, hannu da ƙafa da rabin fuska. Bakinsa ya karkace, magana sai a hankali, kuma yawu kan zubo masa bai sani ba, shi ya sa ƙaramin tawul ba ya barin cinyarsa. Hankalinsa kuwa ras, ya ma fi nawa. Manaja shi ne mai nemana da aure. A banki yake aiki, yana da mota mai sanyi da takalma masu tsini, da wani turaren mai da yake murzawa a hannuwansa, wanda ke riga shi shiga gida, ya kuma ƙi fita bayan ya tafi. Umma na son sa. Goggo, yayar Baba, ta fi Umma son sa, in da hali ma da ita za ta aure shi. Ni kuwa ina ta ja musu rai da "bari in yi tunani," har suka gaji suka yanke magana: ranar Asabar mahaifiyarsa da yayyensa mata za su zo su gan ni, kuma kafin su tashi ana son jin e ko a'a daga bakina.

Yanzu ga abin da ya haɗa zancen aurena da kayan hoto.

A shagonmu akwai kyamarorin zamani, da su nake cin abinci: hoton fasfo, na 'yan makaranta, na masu neman aiki. Amma a cikin kabad akwai wata babbar kyamara ta fim wadda Baba ke kira Tsohuwa. Nauyinta kamar ka ɗauki jariri mai ƙiba. Fim ɗinta mai faɗi ne, dodon hoto ɗaya ya kusa tafin hannuna, kuma naɗi guda hoto goma kacal yake ɗauka, don haka ba a danna ta da wasa. Ba a kuma kai ta ido kamar sauran. A kan ƙafafu uku ake kafa ta, ka buɗe murfin sama, ka sunkuyar da kai ka leƙa ciki kamar mai duba tukunya, sai ka ga mutum a kan gilashi, damarsa ta koma hagu. Tun ina ƙarama Baba yake ce min abin da ya fi burge shi da ita ke nan: da zarar ka sunkuyar da kai, mutum sai ya ɗauka ba ka kallonsa, ya saki fuskarsa.

Burina ɗaya ne da Tsohuwa. Baba ya ɗauki rabin unguwarmu hoto, daga jarirai har kakanni, amma shi ba shi da wani hoton kirki, sai na katin shaida wanda ya fito kamar an kama shi da laifi. Ina so in ɗauke shi da kyamararsa, tun yana nan. Matsalar ita ce lensinta, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaba, ya yi fumfuna daga ciki, zare-zare kamar saƙar gizo. Ko da lafiyarsa ma gajere ne, mai lamba tasa'in. In ka matso da shi kusa da fuska sai hanci ya kumbura, kunnuwa su gudu baya. Hoton fuska dogon lensi yake so.

Bakina ne bai da linzami, na faɗa wa Manaja a cikin hira. Washegari sai ga saƙo:

"Amarya, gobe ki shirya. Zan kai ki ki zaɓi gilashin nan naki."

"Lensi ake ce masa. Kuma ban ce ka saya min ba."

"Duk ɗaya ne. Kyauta ce daga mijinki."

"Ni ban yi aure ba tukuna."

Sai ya turo fuskar nan mai dariya har da hawaye, ya biyo ta da jan fure. Na ja tsaki na kife wayar.

Ranar Laraba na saka doguwar rigata ruwan toka da baƙin mayafi, irin shigar da nake yi in zan yi aiki. Goggo ta tare ni a bakin ƙofa ta dube ni sama da ƙasa.

"Gaisuwar mutuwa za ki?"

"Shagon kayan hoto za ni, Goggo."

"Da mutum kamar wannan? Koma ki saka ruwan hodar nan mai duwatsu. Ki shafa wani abu a bakin nan naki, ya bushe kamar ba a ba ki ruwa a gidan nan."

Haka na fito ina ƙyalli da rana tsaka kamar fitilar mota. Manaja ya ce na yi kyau ba tare da ya ɗago daga wayarsa ba.

Shagon na cikin wani lungu ne, tsakanin masu gyaran waya da mai ɗinkin jaka. Mai shagon tsohon abokin Baba ne, Kawu nake ce masa. Wurin na warin ƙura da tsohuwar fata, kuma kowane lensi a cikin safa yake ajiye shi, ya ce ta fi kowace jaka.

"'Yar mai hoto! Yaya jikin mutumin?"

"Da sauƙi, Kawu, yana gaishe ka. Lensin ɗaukar fuska nake nema wa Tsohuwa."

Ya yi dariya. "Tana nan da ranta ashe!"

Ya zaro safa biyu ya ajiye a kan kanta. Ya zare ta farko.

"Wannan mai lamba ɗari da tamanin ne, dogo. Sai kin ja baya sosai, amma zai ba ki fuska yadda Allah ya yi ta, hanci daidai, kunne daidai, abin da ke bayan mutum ya narke. Sai dai fa ba ya rufa asiri. Ko gashin gira sai ya fito miki da shi ɗai-ɗai."

Ya zare ta biyu.

"Wannan kuma ɗari da hamsin ne, mai laushi. An yi shi ne ya ɗan baza haske, fuska ta yi kamar a madubin da tururi ya taɓa. Ƙuraje, tabo, yamutsewar fata, duk sai su lafa. Matan da shi suke so."

Ni dai idona na kan na farkon. Na ɗaga shi ga hasken ƙofa, gilashin tas, na murɗa shi ya tafi sumul ba cijewa. Sai Manaja, wanda tun shigowarmu yake tsaye ya tattare hannun rigarsa kar ya taɓa kanta, ya ɗago kai.

"Tsaya, dattijo. Wanne ka ce yana ɓoye abu?"

"Ban ce ɓoyewa ba, na ce lafawa."

"Shi za mu ɗauka."

Hannuna ya tafi kan haɓata, inda nake da tabon faɗuwa daga keke. Na ce a raina, oho, ashe abin na damunsa.

Kawu ya mayar da su cikin safa ya turo min duka biyun. "Ba a zaɓen lensi a kan kanta. Ki tafi da su, ki ƙona naɗin fim, ki wanke, ki gani da idonki, sannan ki dawo min da wanda ba kya so. Haka muke yi da Babanki."

A cikin mota ne ya warware min. Ya rage rediyo, ya yi irin muryar nan tasa ta lallashin mai neman bashi.

"Ba don ke ba ne fa, Amarya, ke ai ba ki da makusa. Don Baba ne."

"Baba?"

"Kin san Mama da su Yaya ba su taɓa ganinsa ba. Na ce musu ba shi da lafiya, amma ban yi dogon bayani ba. Ina so gobe ki yi mana hoton iyali, in tura musu kafin Asabar, su ɗan saba. Ki sa mai laushin nan, ki zaunar da shi baya kaɗan, ta gefen da yake lafiya. Bakin nan…" Ya zagaya yatsa a gefen nasa bakin. "Kin gane dai."

"Ban gane ba."

"Haba mana. Babbar Yayata ba ta iya cin abinci in ta ga irin wannan. Ranar ma da za a bar shi a ɗaki ya huta, ai shi zai fi jin daɗi."

Wallahi 'yan uwa, sai na ji turarensa ya cika min maƙogwaro. Na sauke gilashin mota, ya ce zan shigo masa da ƙura, na ce amai nake ji. Nan take ya fasa magana ya miƙo min kwalin tishu, idonsa na kan kujerar motarsa.

Na isa gida na zazzage wa su Umma komai, ina jiran in ga ransu ya ɓaci. Goggo ko a jikinta.

"To mene ne a ciki? Mutunta shi yake son yi. Ƙanena ne, na fi ki son sa, amma ai ba a baje wa baƙi ciwo a ranar farko. Ke kin kusa talatin kina nan kina zaɓen gilashi, sa'o'inki na zaɓen makarantar 'ya'ya."

Umma na guga a gefe, rigar Baba ce shuɗiya a kan tebur. Ta ajiye dutsen guga, ta ce a hankali:

"Wataƙila bai iya magana ba ne, 'yar nan. Amma ki duba aikinsa. Duk ranar da ya zo sai ya durƙusa ya gaishe shi hannu biyu. Har dafa shi yake yi. Kin san in na zo wanki, kafaɗar rigar Babanki ƙamshin turarensa take yi? 'Yan uwa na jini ma nawa ne suka daina taɓa shi?"

Wannan maganar kuwa gaskiya ce. Na ga waɗanda Baba ya ɗauki hoton aurensu kyauta suna tsayawa daga bakin ƙofa su ce "Allah ya ƙara sauƙi" su juya. Na shiga ɗaki ina tuhumar kaina. Ko dai ni ce mai neman laifi? Ko dai mutumin na da kirki, bakinsa ne kawai ba saiti?

Ranar Alhamis da yamma na kafa Tsohuwa a tsakar gida, lokacin da rana ta sauka daga bango, haske ya yi taushi. Umma ta saka wa Baba shuɗiyar rigar nan da farar hula, muka zaunar da shi a kujerarsa mai hannu. Da ya ga kyamarar, idonsa ya kawo haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Da hannunsa mai lafiya ya dinga ba ni umarni: a juya kujera, a kawar da bokiti, a sauke shanya. Na fara ɗaura mai kaifin, ɗari da tamanin. Kamar yadda Kawu ya faɗa, sai da na yi ta ja da baya har na dangana da tankin ruwa a can ƙarshen gida kafin mutum biyu su shiga gilashin.

Manaja ya iso cikin farar riga mai dogon hannu, agogo na walƙiya. Ya durƙusa har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, ya kama hannun Baba da hannu biyu.

"Baba, ina wuni? Yaya ƙarfin jiki? Kullum kana cikin addu'ata."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji Goggo, har da share ido. Sai ta lura mayafinta da na Umma duk kore ne, ta ce ba za ta fito a hoto kamar 'yan makaranta ɗaya ba, ta ja Umma suka shige ɗaki canzawa.

Tsakar gida ta rage mu uku. Na buɗe murfin sama, na sunkuyar da kai, na fara murɗa saiti.

Suka taso a kan gilashin, daga dishi-dishi zuwa tar. Kai, lensin nan! Daga inda nake ina ganin zaren ɗinkin hular Baba. Baba na cikin farin ciki, ya riƙe hannun Manaja yana nuna masa kyamarar da haɓa, yana ƙoƙarin gaya masa wani abu a kanta. Maganar ta ƙi fita, sai ya yi dariya. Da dariyar yawu ya zubo, ya sauka a bayan hannun Manaja.

Manaja ya dubi ƙofar ɗakin su Umma. Ya dubi inda nake. Abin da ya gani tsakiyar mayafina ce kawai, da hannuna a kan maɓallin saiti, can nesa kusa da tanki.

Sai ya saki fuskarsa.

Ban taɓa ganin fuskar nan ba. Leɓe ya zazzago, hanci ya tattare, kamar wanda ya taka ƙazanta da sabon takalmi. Da kan yatsu biyu ya ɓamɓare yatsun Baba daga hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Tawul ɗin Baba ya zame ya faɗi ƙasa. Maimakon ya ɗauka, sai ya sa tsinin takalmi ya tura shi ƙarƙashin kujera. Ya miƙe, ya zagaya bayan Baba, ya ɗora hannu a kafaɗarsa. Na ce to, ga dafawar da Umma ke faɗa.

Goge hannunsa yake yi. Ya goge baya, ya juya ya goge ciki, ya bi tsakanin yatsu, a kan shuɗiyar rigar da Umma ta tsaya ta goge da hannunta. Kamar tsumma ya samu a rataye.

Ban san lokacin da yatsana ya danna ba. Tsohuwa kuwa ba ta iya sirri ba, ƙararta kamar an rufe ƙofar mota. Manaja ya zabura, murmushi ya dawo fuskarsa kamar an kunna fitila.

"Kin ɗauka ne?"

"Gwaji nake."

"Mu gani."

"Fim ne. Sai an wanke."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Su Umma suka fito, Goggo cikin ruwan goro tana gyara ɗauri. Na yi musu duk yadda suke so. Na sauya lensi na sa mai laushin, na zaunar da Baba baya, ta gefen da yake lafiya, Manaja a tsaye yana dafe da shi. Ni kaina so nake in fara tabbatar da idona bai yi min ƙarya ba. Da ya zo tafiya Umma ta ba shi ruwan sanyi a kofin baƙi. Bayan ya fita na wanke kofin har sau biyu, ban san dalili ba.

Ko minti goma bai yi da tafiya ba saƙo ya shigo:

"Na farkon nan ki goge shi, ban shirya ba."

"Ba a goge fim."

"To ki yar. Na iyalin kawai nake so, ki turo min gobe."

Na bar shi a haka.

Da safe na kulle kaina a ɗakin wankin hoto da ke bayan shago. Na wanke fim ɗin, na shanya, da ya bushe na kunna jar fitila na fara bugawa. Na fara da na mai laushin. Kowa ya fito sumul kamar 'yar tsana, Goggo ta koma 'yar talatin. Baba kuwa kamar wani baƙo aka aro aka zaunar a kujerarsa. Ba karkacewar baki, gaskiya ne, amma kuma ba Baba.

Sannan na sa na farkon a cikin ruwan magani, ina girgiza tiren a hankali. Fuskar Manaja ta fara tasowa, leɓen nan, hancin nan, yatsunsa a nutse cikin rigar. Duk wannan na riga na gani. Abin da ban gani ba a kan gilashi, don hankalina na kan Manaja, shi ne fuskar Baba. Dariyar ta tafi. Idonsa ya karkata gefe, yana kallon hannun da ke kafaɗarsa. Ba kallon mamaki ba ne. Kallon wanda ya saba ne, yana jira a gama.

Na zauna a ƙasan ɗakin nan na yi kuka har wani mai son hoton fasfo ya gaji da buga ƙofa ya tafi. Ranar ban tura wa Manaja komai ba. Ya kira ya kira, na ce takarda ba ta bushe ba.

Asabar ta zo gidanmu a hargitse. An canza labule, an aro kujeru, an jera kofuna da biskit a kan babban tire. Goggo ta sauke agogon bango don a samu ƙusar rataye hoton iyali, kuma ta riga ta yanke cewa Baba zai "huta" a ɗakinsa har baƙi su tafi. Ni an saka ni cikin wata koriyar riga mai nauyi da ke cizo a hammata. Na faki ido na shige ɗakin Baba da hotunan biyu a cikin mayafina.

Yana zaune bakin gado kusa da taga. Na miƙa masa na mai laushin tukuna. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta, ya nuna kansa a ciki.

"Wannan… wane ne?"

Na yi dariya hawaye na zubo min. Na miƙa masa ɗayan. Ya daɗe yana kallo, irin kallon da yake yi wa aikina tun ina koyo.

"Saiti… ya yi. A kan ido."

"Baba, ba saiti na kawo maka ba. Ka sani?"

Ya gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun… farko."

"Kullum?"

Ya sake gyaɗa kai.

"Don me ba ka faɗa ba, Baba? Don me ka bar shi?"

Ya yi ta kokawa da harshensa. Na jira, don ya tsani a ƙarasa masa magana.

"Riga ce… Uwata. Ana wankewa. Ke kuma… ina so in ga… kin samu gida. Kafin in tafi."

'Yan uwa, ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu min wuri ɗaya irin na lokacin ba. Wata da watanni mutumin nan na zaune ana mayar da shi tsumma, yana haɗiyewa, don kar ya ɓata min aure. Ni kuma ina can ina "bari in yi tunani." Na durƙusa na kifa kaina a gwiwarsa. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina, ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ɗan ja kunnena.

"Wane lensi… kika zaɓa?"

"Mai kaifin."

"Ki ba Kawunki… tsofaffin fitiluna na hoto… a madadin kuɗinsa. Ya daɗe… yana maitarsu. Ɗauko ta."

Na ɗauko Tsohuwa, na sa sabon fim, na ɗaura ɗari da tamanin. Ɗakin ya yi mini kaɗan, sai da na fita na kafa ta a baranda, ina leƙo shi ta ƙofa. Hasken taga na sauka a fuskarsa. Na ce ya ɗan juya, ɓarin lafiya ya fuskance ni. Ya ƙi. Ya gyara hularsa, ya fuskanci lensin sosai, ɓarin lafiya da ɓarin ciwo.

"Gaba ɗaya," ya ce.

Na sunkuyar da kai. Ga Babana a kan gilashi, kowane layi na goshinsa, furfurar gemunsa, bakin da ya karkace, da idanun nan da suka koya min kallo. Na danna.

Ƙarar ce ta jawo Umma. Ta shigo da shuɗiyar rigar a hannu, ta wanke ta, ta goge, za ta canza masa.

"Ke 'yar nan, yau ma hoto? Baƙi na hanya kina…"

Idonta ya sauka kan hoton da ke kan gado. Ta ɗauka. Ba wanda ya yi mata bayani, ba ta kuma nema ba. Ta dubi hoton, ta dubi Baba, Baba ya sunkuyar da kai. Sai ta ɗaga rigar da ke hannunta a hankali, ta kai kafaɗar rigar kusa da hancinta. Turaren mai ne, wanki ɗaya ba ya fitar da shi.

"Ashe ƙamshin nan…" Ba ta ƙarasa ba. Ta saki rigar ta faɗi ƙasa, ta goge hannunta a zaninta.

A waje aka yi hon. Wayata ta yi ƙara.

"Mun iso, Amarya. An shigar da Baba ɗaki ko?"

Goggo na ƙwala kira daga falo, ina nake, in gyara mayafi, a rufe ƙofar ɗakin nan. Umma ta share fuskarta da gefen mayafi, ta dube ni.

"Kama min shi. Falo za mu kai shi."

Muka tallabe shi, ni ta hagu ita ta dama, muka zaunar da shi a babbar kujerar da ke kallon ƙofa, wadda Goggo ta tanadar wa mahaifiyar Manaja. Na shimfiɗa masa tawul ɗinsa a cinya, a fili. Goggo ta saki baki.

"Me nake gani haka? Kun haukace ne? Mutane na bakin ƙofa!"

"Yaya, zauna," in ji Umma. Tunda nake ban taɓa jin ta yi wa Goggo magana da wannan muryar ba. Goggo ta zauna.

Na ɗauki waya na rubuta masa: "Baba na falo. Amsata a'a ce. Ka shigo ka ji ta a gabansa."

Na ga alamar ya karanta. Aka fara ƙwanƙwasa ƙofa, muryoyin mata na sallama, turarensa ya riga su shigowa kamar kullum. Umma ta gyara mayafinta, ta riƙe hoton a hannu, fuskarsa na kallon waje, ta nufi ƙofa da kanta.

Ni kuwa na zagaya bayan kujerar Baba, na ɗora hannuna a kafaɗarsa, na bar shi a nan.